Barewar Sarki, Saniyar Talaka da Gona Mai Gida Huɗu

Duk wanda ya zauna ajin darasin noma a sakandare zai tuna teburin nan mai gida huɗu da malam ke zanawa a allo. A raba gona huɗu, bana hatsi a wannan gida, baɗi wake, shekarar gaba rogo ko dankali, ana ta kewayawa har a dawo inda aka faro. Mun haddace shi, mun rubuta a jarrabawa, mun ci maki, mun manta. Ba a faɗa mana cewa teburin yana da garinsu ba, ko cewa rabinsa don cikin dabba aka tsara shi. Haka kuma ba a faɗa mana cewa Charles Townshend, mutumin da littattafai suka fi jingina wa tsarin, yana cikin jiga-jigan gwamnatin Ingila da ta kafa dokar rataye mutum a kan barewa a 1723 ba.

Barewar da ake magana ba irin tamu ba ce. Tamu da ƙahon da ta girma da shi take mutuwa. Ta Ingila kuwa namiji ne kaɗai ke da ƙaho, mai rassa kamar bishiya, kuma kowace shekara yana zubar da shi wani ya tsiro. Akwai babba ja wadda asalinta can ne, akwai kuma matsakaiciya mai ɗigo-ɗigon fari a gadon baya, wadda Normawa suka yawaita bayan sun ci ƙasar da yaƙi a 1066. Mai ɗigon nan tana jure zama a killace, tana kiwo a garke kamar tumaki. Namanta ba na kasuwa ba ne a wancan zamani, kyauta ce tsakanin manya, kamar yadda sarki a wajenmu ke ba da doki ko alkyabba. Wanda aka aika wa cinyar barewa ya san matsayinsa a fada.

Abin da ya haɗa wannan dabbar ta alfarma da saniyar talaka wuri ɗaya shi ne hunturu. Daga wajen Nuwamba zuwa Afrilu ciyawa ba ta girma a Ingila. Mu da muka saba ganin shanu sun koma fata da ƙashi a Afrilu da Mayu kafin saukar ruwan farko mun san wannan yunwa, sai dai a can sanyi ne ke kawo ta. Manomin tsakiyar Ingila na ƙarni na 13 yana zaune a ƙauyen da aka raba gonakinsa manyan filaye uku marasa shinge, kowane magidanci da ƴan dogayen yankunansa a warwatse cikinsu. Fili ɗaya alkama, wadda ake shukawa kafin sanyi. Na biyu sha'ir ko wake, bayan sanyi ya wuce. Na uku a bar shi saura, a riƙa bi da garma ana kashe ciyayi. Baɗi kowane fili ya karɓi aikin na kusa da shi. Bayan girbi a saki dabbobin kowa da kowa su bi kara, kamar yadda ake yi a karkararmu idan an gama kwashe amfani, ga kuma hurumin gari inda mai saniya ɗaya ko tumaki biyar ke da haƙƙin kiwo.

Tsarin ya riƙe mutane ɗaruruwan shekaru, amma akwai tarko a cikinsa. Ingiricin da ake yankawa a fadamu bai isa ya kai dabbobi da yawa ƙarshen sanyi ba. Dabbobi kaɗan, taki kaɗan. Taki kaɗan, hatsi kaɗan. Idan kuma aka ce a ƙara gonar hatsi, daga makiyaya za a yanko ta, dabbobin su sake raguwa. Shi ya sa ranar 11 ga Nuwamba ta zama lokacin yanka, a yanke tsofaffi da raunana, a barbaɗe naman da gishiri. Masana tarihi na yanzu suna ganin an zuzuta yawan yankan, tunda ba mai hankalin da zai yanka shanun nomansa, amma dai tsohon sunan watan Nuwamba a harshen mutanen can yana nufin watan jini ko watan hadaya.

A irin wannan ƙunci ne sarki ya shigo da nasa bakin da za a ciyar. Kalmar daji a dokar Normawa tana nufin duk ƙasar da dokar farautar sarki ke aiki a kanta, ko da akwai ƙauyuka da gonaki da coci a ciki. Mazaunin wurin ba shi da ikon yin shinge mai tsawon da zai hana barewa shiga gonarsa sai da izini, kuma babban karensa sai an datse masa farata uku a ƙafar gaba don kada ya iya binta. Dokar tana da kalandarta. Wata guda a tsakiyar shekara, lokacin da bareyi ke haihuwa, akan hana kiwo ko a taƙaita shi. A wasu dazuzzukan kuma tun daga Nuwamba har ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu sai an fitar da dabbobin talakawa, don ɗan abin da ya rage a ƙasa ya ishi bareyi. Wato a watannin da saniya ta fi bukatar dajin, a lokacin ne aka rufe mata shi. Yarjejeniyar daji ta 1217 ta sassauta wasu hukunce-hukunce, ta hana kisa ko yanke gaɓa saboda barewa, amma kalandar ta ci gaba da aiki.

Masu ƙasa da ba sarakuna ba sai suka riƙa yin nasu gandun: a kewaye eka ɗari ko ɗari biyu da ganuwar ƙasa, a kafa katangar itace a kanta, a haƙa rami ta ciki. Wasu har da wata dabara, wurin da barewar waje za ta iya tsallakowa ciki amma ba za ta iya komawa ba. Masanin tarihin itatuwa Oliver Rackham ya ƙiyasta cewa wajen shekarar 1300 akwai irin waɗannan gandaye kusan 3,200 a Ingila. Mai kula da gandu manomi ne ta wata fuska, domin dabbar da aka killace sai an ciyar da ita. Yana tanadin ingirici, yana hawa bishiya ya sassaro rassa masu ɗanyen ganye a tsakiyar sanyi, kamar yadda makiyayi ke yi wa gawo da rani. Yana raba kurmin gandun kashi-kashi, a sare wannan kashi bana a kewaye shi da shinge na wasu shekaru har tohon ya fi ƙarfin bakin barewa, sannan a buɗe shi a koma na gaba. Idan ciyawa ta yi yawa a karɓi shanun maƙwabta su yi kiwo a biya kuɗi. Karɓa-karɓa ce sosai, an tsara wa kowane yanki shekararsa da dabbarsa, tun kafin a san teburin malam.

Mafitar yunwar hunturu ta zo ne daga tsallaken ruwa, daga Flanders, a arewacin Beljiyam ta yau. Ƙasar wurin rairayi ce, mutane sun yi yawa, gonaki ƙanana, ba wanda ke da halin barin kashi ɗaya cikin uku na gonarsa ya kwana banza. Lokacin yaƙin basasar Ingila wani mai ƙasa, Richard Weston, wanda ke goyon bayan sarki, ya gudu can a 1644. Tsakanin biranen Ghent da Antwerp ya ga manoma na juya abubuwa huɗu a ƙasar da a garinsu ba za a ko dube ta ba, ciki har da wasu biyu da za su canja noman Ingila. Ɗaya tanif ne, wata saiwa mai kumburi, fara da shunayya a kai, dangin kabeji, wadda ke iya zama a ƙasa cikin sanyi. Ɗayar kilofa ce, ciyawa mai ganye uku-uku, dangin wake. Ya rubuta abin da ya gani a matsayin wasiyya ga ƴaƴansa, wani mai suna Samuel Hartlib ya samu rubutun ya buga shi a 1650.

Abin da ya fito daga baya a gundumar Norfolk, gabashin Ingila, ya cancanci a tsaya a kansa, domin kowane gida a teburin yana yi wa na gaba aiki. Shekarar farko tanif. Ana shuka shi a yi ta bin sa da fartanya, don haka ciyayin da dā sai an bar gona saura kafin a kashe su, yanzu ana kashe su gona na ba da amfani. Da sanyi sai a kawo tumaki, a kewaye su da shingen da ake ɗagawa, su cinye tanif ɗin wannan yanki, su zuba kashi da fitsari, su tattake rairayin ya kama jiki, gobe a matsar da shingen gaba. Wani tanif ɗin a tono shi a kai wa shanun da ake kiwatawa a garke, takinsu ya dawo gona a keken doki. Shekara ta biyu sha'ir, wanda ke cin wannan takin, kuma a ƙarƙashinsa ake watsa irin kilofa, ta tsiro a inuwarsa. Idan an girbe sha'ir ita tana nan. Shekara ta uku tata ce, a yanke ta a yi ingirici, abin da ya sake tohowa dabbobi su yi kiwo. Sannan a kife ta da garma a shuka alkama, wadda ita ce ke kawo kuɗi. Shekara biyu na mutum, shekara biyu na dabba, ba saura ko ɗaya. Hatsi ba ya bin hatsi, don haka cuta da ƙwarin da suka saba da shi ba sa samun wurin zama.

Manoman sun ga alkamar da ta bi kilofa ta fi kyau, amma ba su san dalili ba. Sai a 1886 ne wasu Jamusawa biyu, Hermann Hellriegel da Hermann Wilfarth, suka nuna cewa ƴan ƙullutun da ke jikin saiwar dangin wake gida ne na wasu ƙwayoyin halitta masu kamo sinadarin naitirojin daga iska. Duk wanda ya taɓa tuge gyaɗa ya ga waɗannan ƙullutu. An yi fiye da shekara ɗari biyu ana cin moriyar abin kafin a san sunansa.

A nan ne Townshend ke shigowa, kuma labarin da aka saba bayarwa ya yi masa alfarma da yawa. An haife shi a 1674, ya yi jakadanci a Holan, ya daɗe yana sakataren gwamnati, ya auri ƙanwar Robert Walpole, wanda ake ɗauka firaministan Birtaniya na farko. A 1730 suka ɓata da surukin nasa, ya bar mulki ya koma gidansa na Raynham a Norfolk, ya shekara takwas yana noma har ya mutu a 1738. Ya yi ta zancen tanif har aka laƙaba masa sunan. Amma masanin tarihi Mark Overton, da ya bi takardun ƙididdigar kayan gado na manoman Norfolk da Suffolk, ya tarar da tanif da kilofa a gonakin talakawan manoma tun Townshend bai zo duniya ba ko yana yaro. Abin da ya yi shi ne ya ba abin suna da martaba, ya sa masu hayar gonakinsa suka bi. Wannan ma aiki ne, amma ba shi ya ƙirƙiro ba.

Shekara bakwai kafin ya koma gona, yana kan kujera aka yi rikicin da ya haifi dokar 1723. A dajin Windsor da wasu sassan Hampshire, ma'aikatan daji sun ƙara tsanani, bareyi sun yawaita suna fita suna cin alkama da sauran amfanin mutane, mai gona kuma ba shi da ikon taɓa su. Sai wasu suka fara fita da dare a ƙungiya, a kan dawakai, sun shafe fuska da baƙi, suna kashe bareyi, suna fasa tafkunan kifi, suna aika wa masu gadi wasiƙun gargaɗi. Masanin tarihi E. P. Thompson, a binciken da ya wallafa a 1975, ya nuna cewa da yawansu ba ɓarayin gari ba ne, manoma ne da masu sana'a da ke da gidan kansu a bakin dajin. Gwamnatin Walpole da Townshend ta amsa da dokar da aka fi sani da Baƙar Doka, wadda ta sa hukuncin kisa a kan laifuffuka kusan hamsin. Ko ba ka kashe komai ba, a gan ka a daji ko gandu da makami da baƙar fuska ya isa. Kafin shekarar ta ƙare an rataye mutum 7 daga Hampshire a Landan, bayan wata arangama da mai gadi ya rasa ransa. Dokar ta shekara ɗari kafin a soke mafi yawanta a 1823.

Gilbert White, wani limamin coci a Selborne da ya wallafa littafi kan halittun ƙauyensu a 1789, ya ba da labarin cewa garken manyan bareyi na dajin Wolmer, wanda ya kai kusan 500 a zamanin Sarauniya Anne, ya ragu zuwa wajen 50, har aka kwashe sauran zuwa Windsor. Ya kuma ce da aka nemi wani bishop ya sake zuba bareyi a dajinsa na Waltham, ƙi ya yi, yana ganin ɓarnar da suka jawo ta isa. Shi kuwa Walpole, a gidansa na Houghton da ba shi da nisa da Raynham, ƙauye guda ya tayar wajen 1729 ya sake gina shi a bakin ƙofa don gandun ya yi faɗi. Fararen bareyi na kiwo a wurin har yau.

Sabon tsarin noma ya zo da tasa matsalar ga talaka, kuma ta fi ta barewa girma. Ba za ka shuka tanif ya kwana a gona har Fabrairu ba alhali al'adar gari ta ce bayan girbi dabbobin kowa su shiga. Wasu ƙauyuka sun zauna sun daidaita, sun ware yanki don sabbin ciyayi ba tare da sun rushe tsohon tsari ba, an samu haka a Oxfordshire. Amma hanyar da masu ƙasa suka fi so ita ce su je majalisa a yi musu doka, a auna filayen ƙauye da huruminsa, a raba, kowa ya kewaye nasa. Tsakanin 1604 da 1914 an yi irin wannan doka fiye da 5,200, ta shafi eka kusan miliyan 6.8, mafi yawa bayan 1750. Mai takardar shaidar haƙƙi ya samu kaso. Wanda kiwon saniyarsa ya dogara da al'ada kawai bai samu komai ba, wanda kuma aka ba ɗan guntu sau da yawa kuɗin shinge da na lauya sun sa ya sayar. Arthur Young, wanda ya fi kowa yaɗa sabon noma da alƙalaminsa, ya zagaya ƙauyuka ya dawo a 1801 yana cewa a cikin dokokin killacewa ashirin, sha tara sun cutar da talaka. Saniyar da dā sarki ke kora daga daji wata biyar a shekara, yanzu ba ta da wurin tsayawa ko na kwana ɗaya, a daidai lokacin da abincin dabba ya fi yawa a tarihin ƙasar.

Ba za mu ce tsarin bai yi aiki ba. Lissafin Overton ya nuna saura ta faɗo daga kusan kashi 20 cikin ɗari na ƙasar noma a 1700 zuwa kashi 4 a 1871, kuma mutanen Ingila sun tashi daga wajen miliyan 5.7 a 1750 zuwa miliyan 16.6 a 1850, mafi yawan abincinsu daga gonakin gida. Jikokin mai saniyar nan suna cikin waɗanda suka ci burodin, a unguwannin masaƙu na Manchester da Leeds.

Wanda ya mayar da tsarin abin nunawa shi ne Thomas Coke na Holkham, a gaɓar tekun Norfolk, wanda ya gaji gidan a 1776. Yana ba manoma hayar gona ta shekaru masu yawa, har 21, don su saki jiki su zuba jari, amma a takardar hayar ana rubuta abin da za a shuka da abin da ba za a bi da shi ba. Kowace shekara har 1821 yana tara manoma da baƙi daga ƙasashe a bikin sausayar tumaki, a zagaya gonaki, a yi gardama kan iri da garma. An daɗe ana cewa ya ninka kuɗin hayar ƙasarsa kusan sau goma, da R. A. C. Parker ya duba littattafan gidan, sai ya tarar ninki biyu ne cikin shekara arba'in, a lokacin da yaƙi ya sa farashin hatsi ya hau ko'ina. Dogon ginshiƙin da aka kafa don tunawa da shi, mai siffar sa da tumaki da garma da injin shuka a gindinsa, yana tsaye a cikin gandun gidan, garken bareyi masu ɗigo na kiwo kewaye da shi.

Mu masu rubuta manhajar kwamfuta mun san yadda tsari mai kewayawa ke yin kyau a takarda har ranar da ya gamu da ainihin masu amfani da shi. Teburin Norfolk ma haka ya sha. A ƙasa mai laka tanif ba ya yi, tumaki kuma sai su mayar da gonar taɓo. Inda yake yi, ƙwaro kan cinye shi yana ɗan tsiro, ko cuta ta kumbura saiwar ta lalace idan an cika maimaita shi. Kilofa ma idan ana dawo da ita duk shekara huɗu sai ƙasa ta gaji da ita, ta ƙi tsayawa. Manoma suka riƙa ja da zagayen zuwa shekara biyar ko shida, suna barin ciyawa ta shekara biyu, suna sa wake a madadin kilofa. Gida huɗu cif-cif ya fi yawa a littafi da takardar haya fiye da a gona.

Barewa fa? Ita ce ta fara faɗuwa. Gandayen da suka kai dubu uku sun yi ta zama gonaki da makiyayar shanu tun ƙarni na 16, yaƙin basasa ya ƙarasa wasu, har wani ƙidaya da aka wallafa a 1867 ya samu ɗari uku da ƴan kai kawai. Waɗanda suka rage ado ne a gaban gida, kuma da sanyi ana zuba musu ingirici da wake da saiwoyin nan da aka kawo don tumaki. A 1851 majalisa ta yi dokar kawar da bareyi daga New Forest, dajin da William na Normandi ya keɓe musu kusan shekara 770 kafin nan, masarauta ta karɓi izinin killace eka 10,000 don dashen katako a madadinsu. Masu ƙasa sun koma harbin tsuntsaye, kuma gonar tanif ta zama maɓoyar fakara mafi kyau, don haka mai haya ya ci gaba da ciyar da abin farautar maigida. Sai a 1880 doka ta ba shi ikon kashe zomayen da ke cin amfaninsa.

Abin da ya sassauta teburin daga ƙarshe shi ne jirgin ruwa da masana'anta. Daga shekarun 1840 ana shigo da kashin tsuntsayen teku daga Peru, ana yin takin zamani daga ƙashi, ana ciyar da shanu da tunkuzar iri da aka matse mai. A nan labarin ya taɓo mu. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗar da aka yi ta lodawa zuwa Turai ana matse ta ne a yi man shafa wa burodi, tunkuzar kuma, wato abin da mu ke yin ƙuli-ƙuli da shi, ta tafi bakin shanunsu. Ƙarfin ƙasarmu ya shiga takin gonarsu. A ƙarshen shekarun 1920 kuma ma'aikatar gona ta Turawan mulki ta fara ba manoman Arewa rancen bijimai biyu da garma ta hannun En'e, da sharaɗin a ɗaure dabba, a tanadi abincinta, a kai takinta gona. Darasin Norfolk ne aka kawo wa mutanen da suka daɗe suna ɗora harawa a kan bishiya, suna ɗauko taki daga birni a kan jakai, suna ba Fulani hatsi don shanu su kwana a gona. Bambancin shi ne manomin Kano yana haɗa gero da dawa da wake a kunya ɗaya a damina ɗaya, abin da na Norfolk ke rarrabawa cikin shekaru. Jami'ai sun daɗe suna ganin wannan rashin tsari ne, har binciken David Norman a Samaru, a shekarun 1960 da 1970, ya nuna haɗin ya fi biyan wahalar manomi kuma ya fi kare shi daga asarar shekara.

A Ingila, da aka samu takin naitirojin na masana'anta, wanda aka fara yi a Jamus a 1913, da magungunan kashe ciyayi bayan yaƙin duniya na biyu, gonakin gabas da yawa suka sallami tumaki da shanu baki ɗaya. Gwozar sukari ta karɓi gidan tanif a Norfolk. Bareyi kuwa, da ba kyarkeci tun ɗaruruwan shekaru, ga sabbin dazuzzukan katako, ga alkama kore shar duk tsawon sanyi, sun dawo da yawan da ake ƙiyastawa ya kai miliyan biyu a Birtaniya, iri shida, har da ƙananan da suka tsere daga gandayen attajirai. Yanzu gwamnati ce ke roƙon a rage su.

A Amurka abin ya juya gaba ɗaya. Barewarsu mai farar wutsiya ta kusa ƙarewa wajen 1900, saura ƴan dubu ɗaruruwa. Aldo Leopold, a littafinsa na 1933 kan kula da namun daji, ya kawo hujjar cewa kayan da suka hallaka su, gatari da garma da saniya da wuta da bindiga, su ne za su iya dawo da su idan an yi amfani da su da lissafi. Dokar 1937 ta ware harajin bindigogi da harsasai don wannan aiki, kuma yau ana maganar kusan miliyan 30. Mai gona a Wisconsin ko Alabama da ke kiwon shanu kuma yana farauta, ko yana karɓar kuɗi daga maharba, yakan ware eka ɗaya ko biyu a bakin kurmi don bareyi kawai. Yana shuka kilofa ta shekara biyu ko uku, ya kife ta, ya bi da tanif da danginsa a ƙarshen zafi don su samu abin tona idan ƙanƙara ta rufe ƙasa, sannan hatsi, sannan kilofa kuma. Ba ya maimaita tanif a wuri ɗaya fiye da shekara biyu, saboda cutar saiwar nan da ta dami manoman Norfolk. Shanunsa kuma yana tare su da wayar lantarki, kada su shiga su cinye na bareyi kafin Nuwamba.